Ranar da Na Kira Sunanki a Lasifika

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta durƙuso nake miƙo miki, irin wadda kika fi so, kai a sunkuye, ba haɗa ido. Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, Ya yalwata makwancinki. Shekara shida ke nan da rabuwarmu, amma har yau in wani abu ya same ni, ke nake fara shirya wa labarinsa a raina kafin in tuna ba kya nan.

Daga Gusau nake rubuto miki, gidan autanki Nasiru. Mun zo hutun ƙarshen shekarar karatu, ni da surukinki da yaran biyu. Damina ta yi albarka. Tun daga Tsafe har Bungudu gero ya shanye tsawon mutum, Dutsen Kwatarkwashi ya yi kore shar, gulbi kuma ya kawo.

Na san mutane za su leƙa wasiƙar nan tunda a fili na shanya ta. To su leƙa. A gaban jama'a na yi laifin, gara in amsa shi a gabansu. Inna, na kira sunanki. Kuma a lasifika na kira shi, cikin zauren taro maƙil da mutanen ƙasashe daban-daban. Kada ki juya mini baya tukuna, bari in gaya miki yadda aka yi.

Kin bar Ummi tana da shekara biyar, yanzu sha ɗaya gare ta, ta kusa kamo ni tsawo. Bayan rasuwarki da 'yan watanni surukinki ya samu aiki a Malesiya, muka tattara muka bi shi. Can muka sa ta wata makaranta ta 'ya'yan baƙi, wadda ta haɗa firamare da sakandare a harabar guda. A ajinsu kawai akwai 'yan Koriya, da Larabawa, da Indiyawa, da Turawa kala-kala, da wata 'yar Kenya da ta zama ƙawarta ta ƙut da ƙut.

Da za ki ga makarantar nan da kin riƙe haɓa. Ba bulala ko ta ado. In malama za ta yi wa yaro magana, ita ce ke durƙusawa don fuskarsu ta daidaita. A ɗakin karatu yara kwanciya suke yi bisa matasai da littafi a hannu, kamar 'ya'yan sarauta. Akwai tafkin iyo, akwai wata 'yar gona da ba ta fi faɗin tsakar gidanmu ba, inda suke shuka masara bakwai su yi ta ɗaukar ta hoto. Rannan Ummi ta dawo da takardar yabo don ta fi kowa iya cire ciyawa. Na ce mata wannan gado ne, ba ƙoƙarinta ba.

Matsalata da makarantar ta fara ne tun ranar rajista. Kin san sunanki aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Ummi. Na ce wa matar da ke cike takardu ta rubuta Ummi. Ta yi murmushi ta ce abin da ke cikin fasfo shi za a rubuta. Shi ke nan, daga ranar sunanki ya shiga bakin duniya.

Sunan da ko Baba, Allah Ya jiƙansa, sai dai ya ce “masu gida”, shi ne wata 'yar Baturiya mai wawulo take ƙwalawa daga wancan ƙarshen filin wasa. Direban bas ya kira, mai gadin ƙofa ya kira, a manna shi jikin gorar ruwa da akwatin abinci da bayan rigar wasanni. Shekarar farko duk lokacin da na ji sai in yi istigfari a madadinsu. Daga baya kunnena ya saba, amma bakina bai saba ba.

Ga shi kuma ita ce 'yata ta fari, kamar yadda nake taki. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya.

Ke kika koya mini, ai. Jinin ruga ba wasa ba. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wajen Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, can na tashi. In na zo hutu Bungudu, ina sallama sai ki kama tankaɗe ko tsintar shinkafa, ki ce wa iska: “A ba baƙuwa ruwa.” In dole ta kama ki kira ni, to ni ce “ke ɗiyag ga”.

Amma furar da ake kawo wa baƙuwar nan, kullum da curin man shanu a ƙasan ƙwarya, wanda ba ya cikin ta kowa. Nasiru za ki ba ya kawo, ki ce saura ce aka rage. Shi kuwa ya tsaya a kaina yana ƙunƙuni, don ya ga lokacin da kika dama ta daban.

Kin tuna ranar rabon kyaututtuka a sakandarenmu ta Gusau, da na zo ta ɗaya? Kin hau mota tun daga Bungudu, kika ƙi shiga rumfar iyaye, kika zauna can gindin darbejiya wajen masu sayar da gyaɗa. Wata mata ta tambaye ki ko kin san yarinyar da ake ta kira, kika ce: “Ɗiyar Hajo ta, ta Tsahe.” Matar da kanta ta ba ni labari, ta ce amma ba ta taɓa ganin mai yi wa ɗiyar wata irin wannan murmushi ba.

Ranar aurena ma gidan maƙwabta kika gudu, sai da aka tafi da ni kika dawo.

To haka na tafi da tarbiyyata Malesiya, ina alfahari da ita. Kullum da safe a ƙofar makaranta iyaye na ta rungume-rungume da sumbace-sumbace, kai ka ce yaƙi yaran za su. Akwai wata Balarabiya da sai ta sumbaci ɗanta a goshi da kumatu biyu, ta bi shi da gudu ta ƙara. Ni kuma in rungume Husna, ƙanwar Ummi, in gyara mata kwala, in kira sunanta ya fi a ƙirga. In na juyo kan Ummi sai in kalli wani wuri in ce ke, kin dai ɗauki gorarki ko. Ta ce e, ta wuce. Ni a ganina uwa mai kamun kai ke nan, har ina tausaya wa Balarabiyar.

Ana cikin zango na biyu na aji shida, malamar ajinsu, Mis Helin, ta aiko mini da saƙo cewa tana son ganina ni kaɗai. Na ɗauka lissafi ne ya sake kayar da takwararki, don ba su jituwa. Da na je sai aka shigar da ni wani ɗaki mai kujeru masu taushi, da kwalin takardar share hawaye a kan tebur, ga wata mata ta biyu wadda aikinta ke nan a makarantar, sauraron damuwar yara. Ina ganin kwalin nan na san ba zancen lissafi ba ne.

Ashe an ba su rubutu a aji, kowa ya rubuta tambayar da yake son yi a gida amma bai taɓa yi ba. Wasu sun tambayi me ya sa ba za a saya musu kare ba. Ummi ta rubuta cewa tana so ta tambayi Mama laifin me ta yi. Ta ce Mama tana kiran Husna da sunanta, tana rungumarta, ita kuwa ko a gida sai an yi sa'a take cewa Ummi, yawanci “ke” ce. Ta ce ta gwada zuwa ta ɗaya, ta gwada wanke-wanke ba a sa ta ba, abin bai canza ba, saboda haka tana jin laifin tun tana jaririya ta yi shi, shi ya sa ba ta tuna shi.

Inna, rubutunta ne, da 'yar karkatar nan tata. Sai da na karanta sau biyu.

Na dake, na shiga yi musu bayani da Turancina na ranar fita kunya. Na ce a wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane, kuma ba a faɗar sunan uwa. Mai sauraron damuwa ta gyara zama, ta tambaye ni to yaya nake kiran mijina. Na ce shi ma ba na faɗar nasa. Ta tambayi surukaina, na ce su ne ma a gaba. Alƙalaminta har gudu yake yi a kan takarda. Can ta ɗago ta tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, to sunan wa nake faɗa a gidan. Na yi tunani na ce Husna, sai kuma kyanwar maƙwabta. Mis Helin ta yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har ta ƙware.

Gaskiya ba su raina mu ba. Matar ta ce ta ƙaru, kuma ba ta ce in bar al'adata ba. Abu ɗaya kawai ta ce in duba, wai ni na san ma'anar shirun nan, yarinyar ce ba ta sani ba. Na fito ina huci, ina cewa yau ga Baturiya za ta koya mini son 'yata. Ban kai ga fita daga wajen ajiye motoci ba na kife kai a kan sitiyari na yi kuka mai isata. Da na sani da na ɗebo takardar tasu.

Da yamma na zaunar da Ummi na kwashe tarihi na gaya mata, daga ruga har Tsafe. Ta saurara tsaf, ta gyaɗa kai irin na yaran makarantar nan da aka koya wa sauraro. Sai ta tambaye ni ko ni abin bai taɓa yi mini ciwo ba, da Inna ba ta kiran sunana. Na ce ko kaɗan, na miƙe da sauri wai zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Ita na yi wa ƙarya, ke ba zan yi miki ba. Ban taɓa shakkar kina so na ba, ko na rana ɗaya. Amma na so in ji yadda sunana yake a bakinki. A gindin darbejiyar nan na so ki ce tawa ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Bayanin da na yi wa Ummi ya shiga kanta, amma na lura bai sauka ƙirjinta ba. Ta daina tsayawa a ƙofar makaranta in ina sallamar Husna, sai ta yi gaba abinta. Ta zama mai ladabi da ni fiye da kima, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don na ga yarinya tana shirin haƙura da ni tun tana shekara sha ɗaya.

Ana haka sai ga takarda daga makaranta. Suna da wata al'ada in yara sun gama aji shida za su shiga ɓangaren sakandare. Ana yin taro, kowane yaro ya zaɓi mutum ɗaya daga gidansu, ya hau dandamali ya kira shi da cikakken sunansa, ya faɗi abin da yake alfahari da shi game da shi, minti ɗaya. A gurbin da yaro zai cike, takwararki ta rubuta Mama. Ta ajiye mini takardar a kan firji ta wuce abinta.

Surukinki ya ce in abin zai yi mini nauyi shi zai hau. Ya faɗa yana danne dariya, don shi na huɗu ne a ɗakinsu, sunansa har ya gaji da kiruwa. Labari ya kai zauren danginmu na waya, gida ya rabu biyu. Nasiru ya ce in hau, kuma lallai a ɗauko masa bidiyo. Kawu Sani, ƙaninki, ya aiko da saƙon murya mai tsawon huɗuba, ya ce gidanmu ba a taɓa yi ba, kuma ba a kan ɗiyar yayarsa za a fara ba.

Sai na kira Gwaggo Hajo. Ni ina haramar la'asar, ita ko karin kumallo ba ta gama ba, ina jin kajinta ta waya. Ta tsufa, Inna, amma bakin nan yana nan yadda kika san shi. Na zayyana mata komai ina jiran ta goyi bayan Kawu. Sai ta ce: “Ke, da uwakki tay yi kunyakki, bisa bayan wa kika kwana? Nau na. To ita ɗiyag ga, can inda kun ka tahi, wa ag Gwaggonta?”

Sai ga Tsafe ta dawo mini gaba ɗaya. Gwaggo ta goya ni har ƙafafuna suna dukan ƙaurinta. Tana kiran sunana da safe, ta kira da rana, ta yi mini kirari in na ɗebo ruwa ban zubar ba. In na yi zazzaɓi a cinyarta nake wuni. Duk abin da kika riƙe a ciki, akwai wadda aka ɗora wa fitar da shi a fili, kuma ke kika kai ni wajenta. Ko a Bungudu, daga mai koko har matan maƙwabta kowa na gaya mini cewa wadda ba ta kallona ɗin nan ta fi kowa so na. Ni kuwa na ɗauki kunyar na haye teku da ita, na baro Gwaggo a Tsafe. Na sa yarinya a bene hawa na goma sha biyu, ba kaka, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta fassara mata ni.

Na ce wa Gwaggo to batun sunan fa. Ta ce: “Suna kau, ni kullum kiran shi nikai tun tana amarya, ban ga ya rage ba.”

Mako uku na yi ina gwaji a kicin. In na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi, harafin farko ya fito, sauran su maƙale. Da na ga abin ya ƙi sai na samo dabara: in kunna injin markaɗe, in faɗe shi cikin ƙarar yadda ni kaina ba zan ji ba. Mun sha miyar tumatir a makonnin nan har surukinki ya fara tambaya ko lafiya. Rannan Husna ta shigo ta same ni ina yi wa injin magana, ta je ta gaya wa ubanta Mama tana faɗa da tattasai.

Ranar taro na ci ado, leshi da mayafi, na riƙe takardata da na rubuta da Turanci surukinki ya gyara. A kan dandamali sun kafa wata 'yar gada ta katako. Malaman firamare suna tsaye a wannan gefe, na sakandare a wancan. Yaro ya hau ya tsaya a tsakiya, a yi masa jawabinsa, sannan ya ƙarasa haye wa.

Wani ɗan Koriya, babban mutum da kwat, ya fara magana sai kuka, ɗansa ne ya koma lallashinsa. Wata Ba'indiya ta cinye mintinta ta shiga na mutum uku, sai da aka yi ta tafi kafin ta saki lasifikar. Balarabiyata kuwa ba ta tsaya jawabi ba, hawa gadar ta yi ta rungume ɗanta, da ƙyar aka ɓamɓare ta. Ana ta dariya, ni kuwa idona na kan takardata.

Aka zo kanmu. Ummi ta hau gada ta tsaya, da farin hijabinta da takalmin da ta goge da kanta. Na isa gaban lasifika na buɗe takarda. Kalmar farko a takardar ita ce sunan. Na buɗe baki, babu injin markaɗe. Zauren ya yi tsit har ina jin hurawar na'urar sanyi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ɗaga ido na dube ta, ido cikin ido, abin da ban cika yi ba. Sai na ga ta fara shirya fuskarta. Ta ɗan yi murmushi, ta ɗaga kafaɗa kaɗan, irin na ba komai Mama, na gane. Yarinyar nan tana tsaye gaban ƙawayenta duka tana ƙoƙarin fitar da ni kunya. A nan na ji in na bari ta haye gadar nan a haka, ba za ta sake tambayata komai ba.

Na ce, Ramatu.

Ashe lasifikar tana da ƙarfi haka. Sunan ya cika zauren, ya bugi bango ya dawo mini. Turancin da na yi mako uku ina haddacewa ya watse, ban san inda ya bi ba. Abin da ya fito Hausar Bungudu ce tsantsa: “Ramatu, ɗiyata ta hwari. Ba ki yi min laihin komi ba. Ke kin ka hwara maishe ni uwa, kuma ina son ki tun ban san kamanninki ba.” Iyakar abin da na iya ke nan, ko rabin minti ban cika ba.

Mu huɗu 'yan gidanmu ne kacal muka gane abin da na ce a duk zauren, amma tafin da aka yi sai da na tsorata. Na hango Mis Helin tana share ido, surukinki kuma ya manta yana ɗaukar bidiyo, rabinsa silin ya ɗauka.

To ita mai neman a kira ta fa, kin san abin da ta yi? Ta ja gefen hijabi ta rufe fuska, ta juya wa zauren baya. Wallahi juyinki sak, har da ɗan karkatar da wuyan nan da kike yi in an yabe ki. Ta ƙarasa gadar da sassarfa, ta shige bayan wata malamar sakandare ta ɓuya. A mota muna komawa ta kwantar da kai a kafaɗata tun daga makaranta har gida. Da muka kusa sauka ta ce abin ya yi daɗi, amma don Allah kada in ƙara a gaban ƙawayenta. Ka ji jikar Fulani.

Da muka iso gida hutun nan, Tsafe muka fara tsayawa. Na miƙa wa Gwaggo waya ta kalla. Ta yi salati, ta tafa hannu, ta ce lallai zaman ƙasar waje ya cinye mini kunya, kamar ba ita ta ba ni fatawa ba. Sannan ta ce a maido mata daga farko. Sau uku ta kalla, ta aika aka kira maƙwabciyarta ita ma ta gani, ta sa aka kama wa Ummi zakara. Kwana biyun da muka yi, takwararki a gadonta ta kwana, ta sha kirarin da na sha, ta dawo tana tafiya tana wani ɗaga kai.

A Bungudu kuwa na koma gidan jiya, don ba zan iya a gaban Kawu Sani ba. Ummi ta zuba ido tana kallon matar ɗan Kawu, yadda take basar da ɗiyarta ta fari, da yadda kakar yarinyar take nan-nan da ita. Can ta zo ta raɗa mini cewa yanzu ta gane, ashe aikin raba shi aka yi. Tana gama faɗa, don tsokana, ta zauna ta jingina da ni a gaban Kawu, ta ɗora haɓa a kafaɗata. Ban dai ture ta ba. Kawu ya dube mu, ya yi gyaran murya, ya shiga tambayar wa ya bar awaki a kwance har rana ta yi haka.

Mun yi yarjejeniya ni da ita. A cikin mutane tana nan Umminta, ni ma a bar ni da 'yar kunyata, don ba zan iya zubar da ita duka ba, kuma ba na so. Amma in mu biyu ne, to da sunanta.

Jiya da hantsi, kafin mu taho Gusau, kowa ya tafi gona, gidan ya rage daga ni sai ita. Na shiga ɗakinki ina kakkaɓe ƙwaryoyinki da ke jere har yanzu, ita tana tsakar gida tana fama da guga, wai sai ta koyi jan ruwa kafin mu koma. Ba wani aike nake da shi ba. Na tsaya a bakin ƙofarki, na kira sunan.

Daga bakin rijiya aka ce, na'am.

Shekara shida ba a amsa sunan nan a gidan ba. Ta zo da hannuwa jiƙe tana tambayar me zan sa ta. Na ce ba komai, ta koma ta ci gaba da jan ruwanta. Ni kuma na zauna a bakin gadonki na daɗe.

Ki yafe mini, Inna, in na yi rashin kunya. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alheri kan furar nan da duk abin da kika yi mini a ɓoye. Ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana. Ya raya takwararki da ƙanwarta, Ya ba su ilimi mai amfani a duk ƙasar da suka samu kansu. Ya haɗa mu a Aljanna, inda nake fatan za a ɗan sassauta kunyar ɗan fari, ko sau ɗaya ne ki kira ni in amsa. Amin.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Saratu